Zarton Tebur: Abin da Mai Saye Zai Duba Kafin Ya Kwance Lalitarsa

Duk wanda ya ɗauki aikin katako a gidansa, ko domin sha'awa, ko domin ya huta da jiran kafinta, ko kuwa domin ya sami na cefane bayan ya ajiye aikin gwamnati, lalle akwai ranar da zarton hannu zai gundure shi, har ya fara leƙen injin nan na rumfunan 'yan katako, wanda ake tura masa falanki ta gaba ya fito ta baya a tsage gida biyu tun mutum bai gama amsa sallama ba. Shi ne zarton tebur, kuma siffarsa ba ta da wuyar bayani: faifan ƙarfe ne mai haƙora a kewaye, an ɗaura shi a ƙarƙashin tebur, injin lantarki da masu sana'a ke kira moto yana juya shi, samansa kaɗai ya ɓullo ta wata tsaga da aka bari a tsakiyar teburin. A sauran zartuna mutum ne ke kai zarto ga katako, amma a nan katakon ake kai wa zarto, da hannuwa biyu, kuma daga wannan ne amfaninsa da hatsarinsa duka suka samo asali.

Faifai mai juyawa ba sabon abu ba ne, gama tun a 1777 aka ambace shi a takardar shaidar ƙirƙira da hukumar Ingila ta ba wani mutumin Southampton mai suna Samuel Miller, sa'an nan wajen ƙarshen shekarun 1930 kamfanin Delta na Amurka ya fito da samfurin Unisaw, wanda manyan injuna ke bin tsarinsa har yanzu. Tun daga nan iri ya yawaita, farashi ya bambanta, har ya zamana mai saye in ya shiga kanti sai ya rasa ta inda zai kama, saboda haka ya kama ta inda ya fi sauƙi, ya ce wa mai kanti: "Alhaji, wannan doki nawa ne?" A ra'ayina wannan tambaya daga ƙarshe ya kamata ta zo, domin lambar da aka buga a jikin kwali galibi wutar da injin ke sha take faɗi, alhali abin da ke isa haƙori bai kai haka ba, kuma inji mai ƙarfi wanda yankansa ya karkace ba abin da zai ƙara wa mai shi face saurin ɓarnar katako.

Mas'alar da ta riga kowace ita ce mutum ya tambayi kansa, tsakaninsa da Allah, aikin da zai yi da kuma wurin da zai yi shi. Wanda burinsa bai wuce ya haɗa kanta ɗaya ko benci biyu a shekara ba, sayen wannan inji a gare shi israfi ne, tun da yake a kasuwannin katako irin ta Na'ibawa a Kano ko ta Katako a Yamai akwai masu inji da za su tsaga masa bisa awon da ya rubuto, ya biya ladan yanka ya kwashi abinsa. Wanda kuwa yake nufin yin ƙofofi da tagogi da akwatuna, inda ake bukatar katako goma su fito faɗi ɗaya babu ƙari babu ragi, shi ne mai hujja, amma shi ma sai ya auna fili. Falankin kasuwa yawanci ƙafa 12 ne, kuma kafin a tsaga shi a tsaye sai an sami ƙafa 12 a gaban faifai da wasu 12 a bayansa, wato fiye da mita 7 ke nan a miƙe, abin da ba kowane shago ko zaure ke da shi ba. Shi ya sa masu dabara suke sa wa injin taya, su gangaro da shi tsakar gida ko su saita shi da bakin ƙofa. Filawud kuwa, mai ƙafa 8 da 4, ba ya rabuwa tsakiya sai injin yana buɗewa inci 24 daga faifai, kuma ko da yana buɗewar, mutum ɗaya ya ce zai rungumi cikakken filawud ya bi da shi kan ƙaramin tebur ganganci ne. Gara ya fara rage shi a ƙasa da zarton lantarki na hannu.

Injunan da ke kasuwa, in aka bar ƙananan bambance-bambance, gida biyu ne, kuma moto ne ya raba su. Na farko su ne ƙananan da mutum ɗaya ke cicciɓa, masu nauyin kilo 20 zuwa 30, teburinsu na alminiyam, motonsu mai kabon, suna shan wat 1,500 zuwa 2,000, irin waɗanda DeWalt da Bosch da Makita ke ƙerawa domin masu aiki a wurin gini. Suna da ihu, kabon ɗinsu na cinyewa sai an riƙa canzawa, kuma in aka matsa musu da katako mai tauri tun safe har la'asar sukan yi zafi. Amma na kirki a cikinsu yana ishe mafi yawan ayyukan gida. Na biyu su ne masu moto marar kabon wanda ke juya faifai da bel, teburinsu na ƙarfen zubi, matsakaitansu doki ɗaya da rabi zuwa biyu, manyansu doki 3 zuwa 5 da nauyin da ke kai kilo 200 ko ya wuce. Nauyin nan ni'ima ce, domin shi ke shanye karkarwa har yanka ya fito sumul, motonsu kuma yana iya yin shekaru masu yawa ba a buɗe shi ba. Wanda yake da daɓen siminti da wurin da inji zai zauna dindindin, matsakaici daga wannan gida ya fi masa alheri, da sharaɗi guda, kuma sharaɗin nan ya fi ƙarfin a wuce shi a gurguje.

Sharaɗin kuwa shi ne wuta. Lantarkin Nijeriya da Nijar, kamar na Turai, ƙarfinsa bolt 220 zuwa 230 ne, yana bugu 50 a sakan, alhali na gidajen Amurka bolt 120 ne mai bugu 60, kuma da yawa daga injunan gwanjo da ake shigowa da su domin waccan wutar aka ƙera su. Haka nan waɗanda suka fito daga wuraren gini na Ingila, masu filogi ruwan ɗorawa, bolt 110 suke ci. Wanda ya jona irin wannan kai tsaye a soket, hayaƙi kawai zai gani. Ana iya haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, to amma injin da ke jan amfiya 15 a bolt 120, wato wat 1,800, yana bukatar babbar taransifoma wadda kuɗinta kan cinye rangwamen da aka samu, kuma taransifoma ba ta gyara bugu: moto marar kabon da aka yi domin ya juya sau 3,450 a minti zai dawo wajen 2,850 a wutarmu, yana kuma saurin ɗumi. Saboda haka a karanta ɗan allon ƙarfen da ke manne a jikin moton tun kafin a fara ciniki, a kuma tabbata ba mai layi uku ba ne, irin na ma'aikatu, gama gidaje ƙalilan ne aka ja wa wannan.

Bayan haka sai maganar janareta, wanda a wurinmu shi ne uwa shi ne uba. Moto marar kabon, a lokacin da yake tashi, yana fizgar wuta ninki biyar ko shida na abin da yake sha in ya daidaita, saboda haka janaretan da ƙarfinsa ya yi daidai wa daida da lambar injin zai shaƙe ya mutu da an danna makunni. Ƙaramin nan na kunna fanka da talabijin kuwa ba ya cikin lissafi ma. Raunanniyar wuta ta fi yankewarta sharri, domin moto yana ƙara jan ta ne a lokacin da ta yi ƙasa, har kwayil ya ƙone a tafi neman mai naɗi, kuma doguwar waya siririya da aka ja daga ɗaki zuwa tsakar gida ita ma raunana wutar take yi. A nan ne ƙaramin inji mai tashi a hankali yake cin nasara kan babba a gidaje da yawa.

Akwai kuma wani ɗan abu da ba a cika lura da shi ba, alhali a ƙasar da ake ɗauke wuta ba sallama a maido ta ba sallama ya kai matsayin wajibi, shi ne makunnin da ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke. A ƙaddara mutum yana tsakiyar tsaga falanki aka ɗauke wuta, faifai ya tsaya cak a cikin katako, shi kuma ya sa hannu yana ƙoƙarin zare shi, ko ya fita shan iska ya bar yaro yana shara a wurin. In makunnin irin na fitilar ɗaki ne, mai zama inda aka bar shi, da dawowar wuta injin zai tashi da kansa. Gwajinsa ba wuya: a kunna injin, a zare filogi daga bango, a mayar. In ya tashi ba wanda ya taɓa shi, sai a canza makunnin kafin a yi yankan farko.

In wuta ta daidaita, sai a koma ga abin da ni nake ganin shi ne ruhin injin, wato shinge. Shi ne dogon ƙarfen da ke kwance a kan tebur daura da faifai, wanda katako ke jingina da shi yana tafiya, kuma ratar da ke tsakaninsa da faifai ita ce faɗin abin da zai fito. Amanar awo duka a wuyansa take. Shingen da ke gocewa in an ɗaure shi, ko wanda gabansa ke nuna inci 4 bayansa yana nuna ƙasa da haka, zai sa mai aiki ya riƙa awo gaba da baya a kowane yanka, yana bubbuga shi da dunƙule, har ƙarshe ya tsani sana'ar. Wani Ba'amurke mai suna Bill Biesemeyer, a jihar Arizona, shi ya shahara da shinge mai siffar harafin T wanda ke damƙe ƙarfe mai kauri ta gaba kaɗai ya miƙe da kansa, kuma manyan injuna da yawa sun ɗauki tsarinsa. A ƙananan injuna kuwa DeWalt ya yi suna da shinge mai tafiya kan haƙoran giya, gaba da baya a tare. Ko wane iri ne, hukuncinsa a hannu yake: a ɗaure shi, a tura ƙarshensa na nesa da babban yatsa da ɗan ƙarfi, a ga ko zai motsa, a kwance, a kai shi can, a dawo da shi kan lamba ɗaya, a auna da tef, a sake, a sake.

Sa'an nan, filogi yana zare, a ɗaga faifai iyakar tashinsa, a zaɓi haƙori ɗaya a shafa masa alli, a kawo shi gaba a auna ratarsa da kwarin nan da aka sassaƙa a tsawon tebur domin ma'aunin kwana, wato abin da ake tura katako da shi in za a yanke shi a kwance, a juya faifan da hannu har haƙorin mai alli ya koma baya, a sake aunawa. Bambancin awon biyu bai kamata ya wuce kaurin takarda ɗaya ko biyu ba, in kuwa ya wuce sai a tambaya ko akwai notunan saiti a ƙasa. A kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a kan tebur a duƙa a ga ko haske na ratsawa ta ƙarƙashinsa, a jingina sukwaya da faifai, a kama shi a girgiza hagu da dama domin a ji ko boris ya saki. Mai kanti zai ce, "Haba Malam, ai sabo ne dal, yanzu aka fasa kwali." Amsar ba ta wuce, "Na yarda, Alhaji, ido ne ke son ya gani," kuma ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin wannan.

Dalilin wannan ƙwaƙƙwafi ya wuce kyan aiki, ya shafi lafiyar jiki. Faifai mai inci 10 da ke juyawa sau 4,000 a minti, bakinsa yana gudun kusan kilomita 190 a sa'a, in kuma haƙoransa 40 ne, fiye da haƙora 2,600 ke wucewa a sakan ɗaya. Haƙoran gaba ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur, na baya kuwa sama suke tasowa suna fuskantar mai aiki. In katako ɗanye ne, ko yana da murɗiya a cikinsa, tsagar da aka yi takan rufe ta matse bayan faifai. Haka nan in shinge ya karkato ciki yakan tura katakon cikin waɗannan haƙora masu tasowa. Nan take sai su ɗauke shi su jefo shi baya, harbi irin na alfadari, a ciki ko a ƙirji, kuma mafi muni, hannun da ke dafe da katakon yakan bi shi ya faɗa kan faifai tun kafin hankali ya san abin da ya auku. A Amurka, inda ake ƙididdigar irin wannan, hukumar kula da lafiyar kayan masarufi tana lissafa raunuka fiye da 30,000 a shekara daga wannan inji kaɗai, kimanin 4,000 daga cikinsu na yankewar yatsa ne ko abin da ya fi haka.

Maganin da ya fi kowane araha shi ne wuƙar baya, wani lanƙwasasshen ƙarfe marar kaifi da ke tsaye a bayan faifai, yana hawa da sauka da karkata tare da shi, yana riƙe tsagar a buɗe. Ƙa'idarta ita ce ta fi jikin faifai kauri, amma kada ta kai faɗin yankan haƙora, ratarta da haƙora kuma kada ta wuce milimita 8. A Turai an daɗe da wajabta ta, a Amurka kuwa sai wajen 2008 aka fara sa ta cikin ƙa'idar ƙera sababbin injuna, don haka tsofaffin injunan can da yawa ba su da ita. Injin da ba shi da wuƙa, ba shi kuma da wurin ɗaura ta, ni ban ga farashin da zai halatta sayensa ba. Masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa gaskiya suka faɗa, sai dai malamai sun daɗe da bayyana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali.

A 1999 wani masanin kimiyya kuma lauya mai suna Stephen Gass ya ƙirƙiro wata hikima da ta zama kamfanin SawStop a jihar Oregon, wanda ya fara sayar da injunansa a 2004: ana sa wa faifai 'yar wuta marar cutarwa, da fatar mutum ta taɓa shi sai wutar ta canza, birkin alminiyam ya cake cikin haƙora, faifan ya tsaya ya nutse ƙasa cikin kashi 5 cikin dubu na sakan ɗaya. Abin mamaki ne ƙwarai. Amma yana da tsada, duk bugu ɗaya sai an sake birki, galibi har da faifai, jiƙaƙƙen katako kuma yana iya ruɗinsa ya buga a banza, kuma ba ya hana harbi. Mai hali, wanda ya san inda zai sami birkin canji, ya saya. Sauranmu mu riƙe wuƙa da murfin faifai da sandar turin katako.

Faifan da ke zuwa da inji yawanci na cika kwali ne, saboda haka a ware kuɗin wani tun a lissafin farko. Mai haƙora 24 na tsagawa ne a tsaye, mai 60 zuwa 80 na yanke katako a kwance da filawud, mai 40 ko 50 kuma yana taɓa duka biyun. Ga maɗaci da iroko da ƙirya, sai mai bakin kabaid, wanda ake iya wasawa. A lura da ramin tsakiya, domin na Amurka kashi 5 cikin 8 na inci ne, na Turai kuwa galibi milimita 30, kuma faifan da bai zauna daram a kan sandarsa ba ba ya yanka daidai. Faifai mai inci 10 iyakar abin da yake ratsawa a miƙe wajen inci 3 ne, wato yana cin tu-bai-fo a kwance cikin sauƙi amma ba ya ratsa shi a tsaye da yanka ɗaya.

Ba zai yiwu a rufe ido ga injunan da maƙeranmu ke haɗawa ba, a wurare irin Panteka ta Kaduna, inda mai walda zai ɗauki ƙarfen kwana da tsohon moto da bel ya fitar da inji mai cin falanki mai kauri ba gajiya, wanda kuma duk abin da ya lalace a jikinsa ana samunsa a kasuwa. Wannan fasaha ce abar yabo. Naƙasar irin waɗannan injuna, a ko'ina aka haɗa su, ita ce sukan zo tsirara, babu wuƙa, babu murfin faifai ko na bel, shingen kuma ƙarfe ne da ake ɗaurewa da noti biyu. Tun da yake aikin oda ne, mai saye yana da bakin magana: ya sa waɗannan a cikin sharuɗɗan ciniki, ya biya ƙarin, ya tsaya a gwada a gabansa. Haka nan a injin gwanjo, inda aibi ke ɓoye a cikin kwayil da boris, fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da haja in aibin da aka ɓoye ya bayyana, amma jayayya bayan an kai kaya gida ba ta da daɗi. Ya fi a tafi da guntun katako mai tauri, a kunna a yanka, a dafa moton a ji zafinsa, a kuma ambaci kwanakin gwaji a gaban shaidu.

Saura hakkin jiki da na maƙwabta. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar, ta iroko kuma an san ta da tayar da asma da ƙaiƙayin fata, don haka a zaɓi inji mai bututun fitar da dusa, a rufe hanci, a sa tabarau da abin toshe kunne, kada kuma a tashi injin a lokacin ƙailula ko bayan isha'i a unguwar da katanga ɗaya ta raba gidaje. Babbar riga da hannun kaftani mai faɗi da safar hannu duka faifai yana kama su, sai a tuɓe ko a naɗe. Ba a yanka a sake babu shinge babu ma'aunin kwana, ba a kuma haɗa su biyun wajen yanke guntu, domin guntun kan maƙale tsakanin shinge da faifai. Siririn katako kuwa da sandar turi ake bin sa, mai aiki yana tsaye a gefe kaɗan da layin faifai. In an tashi aiki a sauke faifan ƙasa, a zare filogi, a sa kwaɗo a ɗakin saboda yara. Teburin ƙarfe kuma, da damina ta kama, a riƙa goga masa kakin zuma saboda tsatsa, kada a shafa baƙin mai, domin mai yana shiga katako ya hana gam da fenti kamawa.